Ƙuri'un da Ustaza Hasina Ta Ƙona

Shafi na 17

Bismillah. Masu zagin Hasina, na ga saƙonninku, har da wadda ta ce in jefa ta a ruwa kowa ya huta. Ku sassauta mata kaɗan, ku biyo ta zuwa kambo tukuna.

*

Kwana tara ke nan da zaɓen shugaban majalisar ɗalibai a makarantar Hillat Gado. Kwana huɗu kuma ke nan da yaran kambo suka ɗauke ƙafa. Su arba'in da ɗaya, ko guda bai leƙo ba.

Ranar Laraba Ustaza Hasina ta kira suna a aji shida, benci uku na baya wayam. Ta kira sunan Sawsan sau biyu, alhali tana kallon gurbinta.

Da la'asar ta yafa tobinta, ta bi bakin tur'a, babban magudanar ruwan da ke shayar da gonaki, ta zagaya ta gada zuwa kambo, bukkokin 'yan ƙwadagon auduga. A can aka haife ta. Rabonta da wurin shekara goma sha ɗaya.

Inna Ma'u, uwar Sawsan, tana ƙofar bukka tana yanka kuɓewa tana shanyawa a tabarma.

"Salamu alaikum, Inna."

Tsohuwar ba ta ajiye wuƙar ba.

"Wa alaikumus salam. A'a, ɗiyar Habiba ce? Ashe kin gane hanya."

"Kun wuni lafiya?"

"Alhamdulillah."

Ta miƙo mata ruwa a kwano, amma ba ta hura wutar jabana ba. A kambo kuwa ko baƙon da ya ɓata hanya sai an dafa masa gahawa. Hasina ta kurɓi ruwan, ta ajiye kwanon.

"Wurin Sawsan na zo."

"Bi muryoyin. Suna baya."

Sai a lokacin ta ji. Muryoyin yara ne suna rera jadawalin lissafin sau bakwai da Larabci, da irin waƙar da ita ta koya musu.

Ta zagaya bayan bukkar.

Ƙarƙashin dalbejiya yara ne zaune jeri-jeri a ƙasa. An jingina tsohon ƙyaure a gindin itacen, Sawsan na tsaye da gawayi tana rubutu a kai. Gefenta kuma, riƙe da littafi, Muhannad ne, ɗan Alhaji Osman shugaban majalisar iyaye. Yaron da Hasina ta tsaya gaban makaranta ta ce shi ya ci zaɓe.

Yaran suka gan ta. Waƙar ta tsaya.

A makaranta da ta doshi ƙofa suke miƙewa. Yau babu wanda ya motsa.

Sawsan ta ajiye gawayin.

"Halas, ku tafi. Gobe bayan azahar."

Suka watse, suna ratsa ta gefen Hasina ba gaisuwa. Aka bar su su uku.

"Muhannad, mi kake yi a nan?"

"Darasin yau nake kawo musu, Ustaza. Kullum."

"Babanka ya sani?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta juya ga yarinyar. Shekararta goma sha huɗu, amma har yanzu tana aji shida, don yaƙi ya rufe musu makaranta kusan shekara biyu.

"Sawsan, mi ya hana ku zuwa madarasa?"

"Mun yi zama, Ustaza."

"Zama?"

"Mun kaɗa ƙuri'a. Talatin da takwas suka ce a zauna gida, uku suka ce a je. Ukun suka bi masu yawa. Ke kika ce haka ake yi."

"Ba don ku bar karatu na koya muku ba."

"To don mi?"



Sawsan ta shiga bukka, ta dawo da babban gwangwanin madara. Ta durƙusa ta juye shi a gaban malamar. Ƙwallayen dabino suka watsu a ƙasa.

"Mi ne ne wannan?"

"Ranar Juma'a mun tsaya a gada. Muka aika cikin gari, duk wanda ya san cewa ni ya rubuta a takardarsa, ya kawo ƙwallon dabino guda ya jefa nan. Ba a tilasta kowa ba. 'Yan gari sun zo, 'yan kambo sun zo, har yaran da suka yi gudun hijira daga birnin Madani."

Ta ɗago ido.

"Kin ce na samu tamanin da huɗu, Muhannad ɗari da biyu. Ko ba haka ba?"

"Haka na ce."

"Ki ƙirga, Ustaza. Ke kika iya lissafi."

Hasina ba ta taɓa su ba.

"Ɗari da sha bakwai ne," in ji Sawsan. "Sau uku muka ƙirga. Ni dai so nake ki ce min yara sun yi ƙarya. Ki ce sun ji tausayina ne suka jefa. Wallahi in kika faɗa zan yarda. Gobe in kwashe su mu koma."

Ta tsare malamar da ido.

"Ki faɗa mana."

Hasina ta dubi ƙwallayen. Ta zauna a ƙasa, nan inda yara suka tashi.

"Ba ɗari da sha bakwai ba ne."

Sawsan ta saki numfashi.

"Ɗari da sha tara ne," in ji Hasina.

 Daga gaban bukka ƙarar wuƙar Inna Ma'u ta tsaya.

"Ɗari da sha tara kika samu, Muhannad sittin da bakwai. Ni kaɗai na ƙirga a ofis. Na kwashe takardun a jakata na tafi da su gida."

"Ina suke?"

"Na hura wutar gasa kisra da su."

Sawsan ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Kin ci kisrar?"

"Sawsan…"

"Tambaya ce kawai. Wata guda muna yanka takardun nan daga bayan tsofaffin littattafai. Yara sun zo ranar da wankakkun kaya. Akwai wadda ta yi sati tana koyon rubuta sunana don kada ƙuri'arta ta lalace."

Muhannad ya yi magana a hankali.

"Ɗaya daga cikin biyun da ba su jefa ba, ni ne. Ranar Juma'a Baba ya hana ni fita."

Hasina ta dube shi.

"Kai Sawsan ka zaɓa?"

"Baba ne ya sa sunana, Ustaza, ba ni ba. Ni mi zan faɗa wa mudirin makaranta? Ita ce ta san abin da take so. A daina bulala kan makara, tunda sai 'yan kambo sun zagaya ta gada. A daina soke sunan yaro in ya tafi tsinkar auduga. Ni gidanmu na bayan makaranta. Ban taɓa makara ba."

Hasina ta goge fuska da bakin tobinta.

"Ku saurare ni. Ba don in cuce ku na yi ba. Wallahi don ku na yi."

"Don mu?"

"Ana gobe zaɓe Alhaji Osman ya same ni a aji bayan an tashi. Ya ce in ɗiyar mai tsinkar auduga ta tsaya gaban ɗiyan masu gona tana ba da umarni, majalisar iyaye za ta ce makaranta ta yi kaɗan, ga baƙi sun cika gari. Za a sallami 'yan kambo duka. Ku arba'in da ɗaya. Na auna, Sawsan. Kujera guda, da karatun yara arba'in da ɗaya. Mi kike so in ɗauka?"

"Ki tambaye mu."

"Ku yara ne."

"Ranar da kika rubuta a allo cewa yaro na da haƙƙin a ji ta bakinsa kan abin da ya shafe shi, ba yara ba ne mu? Kin sa mun kwafa sau biyar."

Sawsan ta ci gaba.

"Da kin kira mu kin ce ga abin da ake ciki, wataƙila da kaina zan janye. Da na san ni na bayar. Amma kin bari mun yi layi cikin rana. Kin bari na tafa wa Muhannad."

Ta matso kusa.

"Ranar Alhamis kina ina aka jera mu goma sha ɗaya a bakin ƙofa?"

"Ina nan."

"Aminat shekararta bakwai. Takalminta ya tsinke a gada, muka tsaya ɗaure mata. Bulala shida. Tana kuka tana kallonki. Kin ga ta?"

"Na gan ta."

"Mi kika yi?"

"Na shiga aji."

Sawsan ta gyaɗa kai, kamar amsar da take jira ke nan.

Muhannad yana ta murza littafin hannunsa. Ya dubi Sawsan, ta kau da kai. 

"Ustaza, akwai abin da ba ki sani ba."

"Mi kuma?"

"Majalisar iyaye ba ta ce za ta kori kowa ba."

Hasina ta ɗago da sauri.

"Ranar Asabar, kwana biyu kafin zaɓe, Baba ya tara su a diwan, zauren baƙi na gidanmu. Ɗakina na jikin bangon, na ji komai. Ya kawo maganar, aka yi gardama, aka ɗaga hannu. Su tara ne. Bakwai suka ƙi. Liman Sodangi ya ce ko a ƙarƙashin itace za a zauna, ba a korar yaro daga karatu."

"A'a… ya ce min sun gama magana."

"Sun gama. Shi aka kayar."

Muhannad bai tsaya nan ba.

"Da suka watse na ji yana faɗa wa ƙanensa, bari ya je wurin ɗiyar Habiba. Ya ce ita an taɓa mayar da ita gida tana ƙarama, aka ce babu gurbi. Ya ce ba sai ya ɗaga murya ba, tuna mata kawai zai yi."

Hasina ta dafe ƙasa da hannu biyu.

Gaskiya ne. Tana aji uku aka mayar da ita, ta yi shekara biyu tana leƙen allo ta taga. Alhaji Osman ya san wannan. Gari duka ya sani.

Gidan Liman Sodangi kuwa gida uku ne tsakaninsa da nata. Da ta taka ta tambaye shi. Da ta tambayi mudir. Da ta tambayi ko mutum guda. Ba ta tambayi kowa ba. Ta zauna ita kaɗai a ofis ta yanke wa yara ɗari da tamanin da shida hukunci, tana ganin ceto ne take yi.

"Mi ya sa ba ka faɗa min ba, Muhannad?"

"Na faɗa wa Sawsan. Ranar Lahadi. Na ce ta zo mu same ki, kada Baba ya tsorata ki."

"To?"

 Sawsan ce ta amsa, idonta a kan ƙwallayen dabino.

"Dariya na yi masa. Na ce Ustaza Hasina? Ko wuƙa aka aza mata a wuya ba za ta taɓa ƙuri'a guda ba. Na ce tamu ce. Na rantse a gaban yaran kambo duka."

Nan hawayen da Hasina ke riƙewa suka ƙwace. Ba ta share ba.

"Ki yafe min, ɗiyata."

"Kada ki ce min ɗiyarki."

"Sawsan," muryar Inna Ma'u ta fito daga bayansu. "Malamarki ce. Ki iya bakinki."

Tsohuwar ta zo ta tsaya, wuƙar kuɓewa a hannunta. Ta daɗe tana kallon Hasina.

"Ranar da aka ce kin zama malama, mun yi guɗa a kambon nan har muryata ta dishe. Uwarki ba ta raye, mu muka yi mata. Muka ce yanzu muna da mutum a ciki."

"Inna, tsoro na ji."

"Na sani. Mu ma da shi muke kwana. Amma ba mu aike ki can don ki ji mana tsoro ba."

Ta juya ta koma wurin kuɓewarta.

Hasina ta dubi yarinyar.

"Mi zan yi?"

"Yafiyar ba tawa ba ce ni kaɗai. Mutum ɗari da sha tara ne. A gaban kowa kika faɗi waccan, ki faɗi wannan ma a gaban kowa."

"In na faɗa za ku dawo?"

"Ban sani ba."

Sawsan ta durƙusa ta fara mayar da ƙwallayen cikin gwangwani.

"Sai mun yi zama."

*

Safiyar Alhamis ɗalibai suka jeru a filin makaranta kamar kullum, sai dai yau an fito da teburi an shimfiɗa masa farin ƙyalle. Ranar naɗa shugaban majalisa ce. Mudir, shugaban makaranta Ustaz Izzuddeen, na tsaye da takarda. Alhaji Osman na zaune a kujera cikin farar jallabiya da babban rawani, koriyar ɗamarar da za a rataya wa ɗansa a kan cinyarsa.

Layin 'yan kambo babu kowa.

Aka yi karatun Alƙur'ani. Mudir ya ce, "Ustaza Hasina, ke kika shirya wanga zaɓe tun daga farko. Bismillah, ki kira mana shugaba."

Ta fito. 

"Salamu alaikum, yara."

"Wa alaikumus salam, Ustaza!"

"Ba zan kira kowa ba."

Mudir ya ɗago daga takardarsa.

"Sakamakon da na faɗa muku ƙarya ne. Sawsan ce ta ci, da ɗari da sha tara. Muhannad sittin da bakwai. Ni na canza, ni na ƙona takardunku. Babu wanda ya riƙe min hannu."

Filin ya fashe da hayaniya gaba ɗaya.

Alhaji Osman ya miƙe, ɗamarar ta faɗi ƙasa.

"Wagga mata ba ta da lafiya! Ya mudir, ka bar ta tana ɓata wa yarona suna?"

"Gaskiya ta faɗa, Baba."

Muhannad ne ya fito daga layi.

"Koma wurinka!"

"Ban ci ba, Baba. Kai ma ka sani."

Mudir ya buga teburi.

"Shiru! Kowa aji! Ustaza, ki biyo ni ofis. Wannan magana ce ta manya."

Babu wanda ya motsa.

"Afuwan, ya mudir," in ji Muhannad. "Ƙuri'unmu aka ƙona. A ofis aka ƙirga su aka cuce mu. Kada a sake mayar da mu ofis."

Wani daga aji biyar ya ce, "Sahi! Gaskiya ne!" Wasu suka ɗauka.

Sai ƙofar makaranta ta yi ƙara.

Ashe suna bayan katanga tun ɗazu. Yaran kambo ne, biyu-biyu, ƙafafunsu da laka. Sawsan na gaba. Suka wuce suka tsaya a layinsu, ita kuma ta taho har gaban teburi.

Mudir ya dube ta, ya dubi Alhaji Osman, ya dubi yara kusan ɗari biyu da suka zuba masa ido. Ya ninke takardarsa a hankali.

"To, shugaba. Mi kike so?"

Sawsan ba ta kalli ɗamarar da ke ƙasa ba.

"Ba mu da ikon korar malami, ya mudir. Mun sani. Amma mu za mu zauna a gabanta kullum. Muna so a ji ta bakinmu."

Mudir ya gyaɗa kai.

Ta juya ta fuskanci layukan.

"Ba takarda yau. Da hannu za a yi, a ƙirga kowa na ji. Kada wani ya kalli wani. Kada wani ya kalle ni."

Ta ja numfashi.

"Wanda ya yarda ya sake zama a ajin Ustaza Hasina, ya ɗaga hannu."

Hasina ta runtse ido. Ta ji motsin tufafi, ta ji wani ya yi tari, ta ji takun Sawsan yana bin layi.

"Ɗaya."

Takun ya yi nisa.

"Biyu. Uku."

Ya ƙara nisa.

"Huɗu."

Takun ya tsaya.

Hasina na nan tsaye, idonta a rufe, tana jiran ta ji biyar.